Yadda Ake Auna Tsohon Wuskin Matata Ɗaya: Amsa ga Ɗalibin Harkar Otal

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke karatun harkar otal a birnin Edinburgh na ƙasar Skotland. Ya ce a otal ɗin da yake koyon aiki an kawo wata kwalbar wuski mai shekara 30 a cikin akwatin katako, an rubuta lambarta da hannu a jiki, an kuma ce ƙidayayyun kwalabe ne aka fitar irinta. Shi ba ya sha, amma baƙi suna tambayarsa ko ta cancanci kuɗinta, malamansa kuma suna sa ran ya iya bayani a kanta. Yana son sanin yadda masana ke ɗanɗana irin wannan wuski, da yadda suke yanke masa hukunci, da kuma ko yawan shekaru da ƙarancin kwalabe su ne shaidar inganci.

Ƙanena, abin da ke cikin kwalbar nan barasa ce, hukuncinta ga Musulmi kuwa sananne ne, don haka amsata za ta tsaya a kan ilimin sana'ar kamar yadda ake yin ta a ƙasar da kake zaune. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, mafi yawan aikin auna wuski hanci ne ke yin sa. Harshe yana rarrabe ɗanɗano biyar ne kawai, wato zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da garɗin nama, alhali hancin ɗan'adam yana ɗauke da masu karɓar ƙamshi kusan iri 400, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya ko da an wadata ta da daddawa da man shanu. Manyan masu haɗa wuski a Skotland sukan sansana samfura masu yawa a wuni guda ba tare da sun haɗiye ko ɗaya ba. Sukan surka kowane samfuri da ruwa har ƙarfinsa, wato yawan barasar da ke cikinsa, ya sauko zuwa wajen kashi 20 cikin 100, domin a wannan mataki zafin barasa yana daina rufe ƙamshi, kuma duk aibin da ke ɓoye yana fitowa fili.

Kafin a buɗe kwalba, sai a karanta takardar jikinta, domin dokar wuskin Skotland ta shekarar 2009 ta ƙayyade ma'anar manyan kalmomin da ke kai. Idan an rubuta Single Malt, ana nufin an yi shi da ruwa da tsiron sha'ir da yis, ba a haɗa da wani hatsi ba, a matata guda ɗaya, an kuma tace shi ta turiri a tukwanen jan ƙarfe, girki bayan girki. Tsiron nan shi ne irin wanda aka sani a wajen dawa da gero: a jiƙa ƙwaya, a bar ta ta fara tsirowa, sannan a busar da ita, domin sitacin cikinta ya iya juyewa zuwa sukari. Dokar ta wajabta wuskin ya kwanta aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar Skotland, kuma kada ƙarfinsa a kwalba ya gaza kashi 40 cikin 100. Ba a yarda a ƙara masa komai ba sai ruwa da launin ƙonannen sukari. Lambar shekarun da ke jiki kuwa ta mafi ƙuruciyar abin da aka zuba ce, don haka idan an haɗa ganga mai shekara 35 da mai shekara 30, dole 30 za a rubuta. Shekarun da kwalba ta yi a kan kanta ba sa shiga lissafi, saboda wuski ba ya ƙara nuna da zarar ya rabu da katako.

Abin da dokar ba ta ɗaure da wata lamba ba shi ne maganar ƙarancin kwalabe. Wani kamfani zai fitar da kwalabe 200 ya ce ƙidayayyu ne, wani ya fitar da dubbai ya faɗi kalma iri ɗaya. A nan lissafi ne zai taimake ka. A sanyin Skotland ganga tana asarar wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikinta kowace shekara ta hanyar turiri, asarar da mutanen sana'ar ke kira rabon mala'iku. Idan ka ɗauki babbar ganga mai lita 500 ka cire mata wannan kashi shekara bayan shekara har 30, abin da zai rage bai wuce lita 270 da 'yan kai ba, wato kwalabe kusan 390 masu sentilita 70. Ganga mai lita 250 kuwa da ƙyar za ta ba da kwalabe 200. Saboda haka idan takarda ta ce ganga ɗaya ce, ta kuma ba da lambar gangar da ranar da aka zuba da ranar da aka ɗura, adadin kwalaben ya kamata ya dace da wannan lissafi. Idan adadin ya kai dubbai, to ganguna da yawa aka haɗa. Haɗawar ba aibi ba ce, sau da yawa ma ta fi ba da daidaito, sai dai ƙarancin da ake tallatawa a nan shawarar kamfani ce ta haifar da shi, alhali a ganga ɗaya katako da lokaci ne suka ƙayyade shi.

Yanzu ga ganga, wadda ita ce tushen batun duka. Ruwan da ke fitowa daga tukunyar jan ƙarfe fari ne tas kamar ruwan rijiya, mai kaifi da ƙamshin hatsi da 'ya'yan itace, kuma galibi ana zuba shi a ganga da ƙarfin kashi 63.5. Ganga tana yi masa aiki uku. Tana ƙara masa abin da ke jikin itacen, wato launi da ƙamshin fanila da bauri. Tana cire masa abin da ba a so, domin cikin gangar da aka babbake ya zama gawayi, gawayin kuma yana tsotse warin farar wuta da ke cikin sabon ruwa. Na uku, wanda ya fi jinkiri kuma ya fi daraja a idon masana, shi ne iskar da ke ratsa katako tana sauya sinadaran ruwan sannu a hankali, har ƙamshin da babu shi a ruwan, babu shi kuma a itacen, ya samu a tsakaninsu. Wannan aiki na uku shi ake biyan kuɗin shekaru dominsa, kuma ba a iya gaggauta shi. A ƙasashe masu zafi irin su Indiya da Taiwan ganga tana ba da launi da zaƙin katako cikin 'yan shekaru, asarar turiri kuma tana ninka ta Skotland sau da yawa, amma wannan hanya ce dabam da sakamako dabam.

Yawancin gangunan Skotland sun riga sun yi aiki a wani wuri. Dokar Amurka ta wajabta a kwantar da wuskinsu mai suna Bourbon a sabuwar ganga da aka babbake, don haka gangunan da suka gama da su, masu lita kusan 200 na farin itacen ok na Amurka, suna kwarara zuwa Skotland, kuma su ne ke kawo ƙamshin fanila da kwakwa da zuma. Ɗaya babbar hanyar ita ce gangunan da suka riƙe giyar inabi ta yankin Jerez a Sifaniya, wadda ake kira sheri, kuma waɗannan, musamman idan na itacen ok na Turai ne, suna kawo launi mai duhu da ƙamshin zabibi da dabino da kanumfari da ɓawon lemo, tare da bauri mai ƙarfi. Tambayar da mai sani zai yi a kan wuski mai shekara 30 ita ce, zubi na nawa ne wannan ganga ta karɓa. Gangar da aka zuba wa wuski karo na farko tana da ƙarfi sosai, cikin shekara 10 ko 15 ta ba da abin da za ta bayar, idan kuwa aka bar ruwan a cikinta shekara 30, akwai haɗarin katako ya cinye shi. Gangar zubi na biyu ko na uku ta yi laushi, ta san haƙuri, kuma a ra'ayina mafi kyawun tsofaffin wuski daga irinta suke fitowa, ko da launinsu bai burge ido ba.

Daga nan za ka fahimci dalilin da ya sa yawan shekaru ba ya zama hujja. Tsufa a ganga yana da ganiya, kuma kowace ganga da tata ganiyar. Idan aka wuce ta, bauri yana ƙaruwa, ƙamshin 'ya'yan itace yana dusashewa, har ruwan ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ƙarfin barasa ma yana raguwa, domin a rumbunan Skotland masu danshi barasa ta fi ruwa saurin fita, kuma idan ya sauka ƙasa da kashi 40, doka ba za ta bari a sayar da shi shi kaɗai da sunan wuski ba. Shi ya sa masana suka jinjina wa kamfanin Gordon & MacPhail na garin Elgin lokacin da ya fitar a 2021 da wuskin matatar Glenlivet da aka zuba a ganga a 1940, mai shekara 80, kwalabe 250, ƙarfinsa yana kashi 44.9. Abin yabon shi ne zaɓen ganga da kulawar mutanen da suka gaji juna suna duba ta, domin a kan kowace ganga da ta kai wannan shekaru da ranta akwai masu yawa da suka lalace tun a hanya.

Idan za a zauna auna shi, wuri da jiki ake fara shiryawa. Ɗaki ya kasance babu ƙamshin girki ko hayaƙi, mai aunawa kuma bai ci yaji ba, bai sha kofi ko taba ba a sa'o'in da suka gabata, shi ya sa da yawa suka fi son hantsi kafin abincin rana. A nan zan ja hankalinka a kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutanen turare ne, kuma turaren da muke shafawa a hannu da wuyan riga yana iya kwana biyu bai fita ba. A ɗakin gwaji, mutum ɗaya mai turaren oud ya isa ya ɓata aikin kowa, don haka ranar da za ka shiga irin wannan zama ka bar turare, ka wanke hannu da sabulu mara ƙamshi. Kofin da ake amfani da shi mai faɗin ciki ne da tsukakken baki, kamar na Glencairn da ya fito a 2001, ko ƙaramin kofin sheri mai ƙafa, domin su tara ƙamshi su miƙa shi hanci. Faffaɗan tambulan da ake zuba ƙanƙara a ciki na hira ne, kuma ƙanƙarar kanta tana danne ƙamshi. Mafi muhimmanci, mai auna gaskiya ba ya ganin kwalba. Ana ba shi kofi mai lamba kawai, wani lokaci ma mai launin shuɗi don kada ya ga launin ruwan, domin da zarar mutum ya san shekaru da farashi, hancinsa zai fara jin abin da zuciyarsa ke tsammani.

Launi ba na ba shi nauyi sosai. Tunda doka ta halatta launin ƙonannen sukari, duhun ruwa ba ya tabbatar da tsufa ko gangar sheri, sai idan takarda ta faɗi cewa launin na asali ne. A Jamus ana rubuta wa kwalba idan an ƙara mata launi, shi ya sa wasu masu bincike ke duba takardar kwalaben da aka kai can. Abu na biyu da za a duba shi ne ko an tace shi da sanyi. Kamfanoni da yawa suna sanyaya wuski zuwa kusan ma'aunin daskarewa su tace wasu sinadarai masu maiƙo, don kada ya yi hazo idan an zuba ruwa. Wanda ƙarfinsa ya kai kashi 46 ko fiye galibi ba ya buƙatar haka, kuma hazon da za ka gani a cikinsa bayan zuba ruwa alama ce cewa maiƙonsa yana nan.

Sansanawa ita ce wurin da ya kamata a daɗe. Ana zuba kaɗan, a rufe bakin kofi, a bar shi ya huta. 'Yan sana'ar suna da wata magana cewa kowace shekara a ganga tana neman minti ɗaya a kofi. Magana ce ta al'ada, amma ma'anarta daidai take: tsohon wuski a rufe yake fitowa daga kwalba, kuma wanda ya yanke masa hukunci a mintin farko ya zalunce shi. Ana kawo kofi kusa da hanci a hankali, baki a ɗan buɗe, a shaƙa gajere, a janye, domin doguwar shaƙa tana kashe hanci na ɗan lokaci. Shaƙar farko barasa ce ke magana, ta biyu da ta uku ne ake fara jin sauran. Idan hanci ya gaji, sai mutum ya sansana fatar hannunsa ya huta. Abin da ake nema a wuski mai shekara 30 shi ne ƙamshi mai hawa-hawa, wanda ke canzawa tsakanin minti 5 da minti 20 da minti 40: wataƙila ya fara da kakin zuma da tsohon katako, sannan mangwaro da abarba su biyo, daga baya ganyen taba da fata su bayyana. Ƙamshin 'ya'yan itacen ƙasashen zafi alama ce da ake yawan samu a tsofaffin wuski masu kyau, kuma wuskin matatar Bowmore na shekarun 1960 ya yi suna da shi. Wuskin da ya tsaya a kan abu ɗaya daga farko har ƙarshe, ko da abin mai daɗi ne, bai ba da abin da ake tsammani daga shekarunsa ba.

Tambayar da nake yi wa kowane tsohon wuski, wadda a kanta hukuncina yake rataye, ita ce: har yanzu ana jin matatar da ta haife shi a ƙarƙashin katako? Kowace matata tana da halinta, wanda ke zuwa daga tsawon lokacin tsimi, da siffar tukwanenta, da inda ake yanke tsakiyar ruwan da ke fitowa a bar na farko da na ƙarshe. Dogayen tukwanen Glenmorangie suna ba da ruwa mai sauƙi da ƙamshin furanni, gajerun tukwanen Macallan suna ba da mai nauyi da maiƙo. A tsibirin Islay, matatu irin su Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin suna amfani da tsiron da aka busar da hayaƙin gawayin fadama, wato ruɓaɓɓun tsirrai da suka danƙare a ƙasa mai ruwa shekaru dubbai, kuma wannan ne ke ba su ƙaurin hayaƙi da warin magani irin na asibiti. Hayaƙin yana laushi da shekaru, ta yadda wuskin Islay mai shekara 30 zai fi na shekara 10 taushi nesa ba kusa ba, amma ya kamata a same shi a can ƙasa kamar garwashin da toka ta rufe. Idan na sansana na ji sheri da katako kaɗai, ta yadda ruwan zai iya zama na kowace matata, to gangar ta yi nasara a kan wuskin, kuma ba zan ba shi babban maki ba komai tsadarsa.

Batun ƙara ruwa yana da tushe a kimiyya. A 2017 wasu masana biyu na Jami'ar Linnaeus a Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun wallafa binciken da ya nuna cewa idan aka rage ƙarfin barasa da ruwa, wani sinadari mai ƙamshin hayaƙi yana taruwa a saman ruwan, inda hanci zai same shi da sauƙi. Sai dai tsohon wuski yana da rauni. Wanda ya riga ya sauko zuwa kashi 42 ko 43 da kansa a cikin ganga yana iya watsewa idan an zuba masa ruwa da yawa, baurin katako ya fito, zaƙin ya gudu. Don haka ana ɗiga masa ruwa ɗigo biyu ko uku, a jira, a sake sansanawa, kuma ana raba samfurin gida biyu don a riƙa kwatanta wanda aka surka da wanda aka bari.

Za ka ga a makarantarku ana koyar da zanen da'irar ƙamshi, wanda aka fara tsarawa don masana'antar a ƙarshen shekarun 1970, kuma cibiyar binciken wuskin Skotland da ke Edinburgh ta ci gaba da gyara shi. Ka koye shi, domin shi ne harshen da za ka yi magana da abokan aikinka. Amma ka sani kalmominsa daga kicin ɗin Turawa aka ɗebo su, irin wainar Kirsimeti da furen tsaunukan Skotland, kuma hanci ba ya gane abin da bai taɓa haɗuwa da shi ba. A littafin bayananka na kanka ka rubuta da abin da ka sani: dabino busasshe, tsamiya, citta, kanumfari, kirfa, masoro, garɗin soyayyar gyaɗa, ƙaurin kilishi, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ƙamshin sabuwar fata a rumfar dukawa. Wanda ya tashi yana bambance zumar kurmi da ta tudu, ko turaren wuta mai kyau da na jabu, ya riga ya sami horon da wasu ke biyan kuɗi su nema.

Waɗanda ke kai shi baki suna ɗaukar ɗan kaɗan, su riƙe shi daƙiƙu da dama yana zagaya harshe, sannan a wurin gasa yawanci su tofar. Abu uku suke lura da su. Na farko jiki, wato ko ruwan siriri ne ko mai maiƙo da kauri. Na biyu, ko baki ya cika alkawarin da hanci ya yi, domin cutar da ta fi kama tsofaffin wuski ita ce ƙamshi na ban mamaki da ɗanɗano busasshe mai ɗaci. Na uku ragowar ɗanɗano bayan ruwan ya wuce, tsawonta da tsabtarta. Mai cin goro ya san wannan sarai: akwai goron da baurinsa ke juyewa zuwa zaƙi a bayan harshe, akwai wanda ke barin baki a daure kawai. Bauri kaɗan a tsohon wuski ginshiƙi ne da ke riƙe zaƙinsa, amma idan ya kai ga busar da dasashi, katako ya wuce gona da iri.

Aibobin da ake nema sanannu ne. Warin ashana da aka kyasta ko ruɓaɓɓen ƙwai ko ƙonanniyar roba yakan fito ne daga farar wuta, sau da yawa daga gangar giyar inabi da aka turara da ita don kada ta lalace a hanya. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗaki mai danshi yana nuna murfin toshiya ya gurɓata ruwan, kuma wannan laifin kwalba ɗaya ne. Ɗanɗanon sabulu, da warin zufa ko cuku da ke zuwa idan an bar ruwan ƙarshe na tukunya ya shiga, su ma ana rage musu maki. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe da ruwa kaɗan a ƙasanta tana rasa ƙamshi, saboda haka a otal ka riƙa lura da ranar buɗewa, ka ajiye kwalba a tsaye nesa da rana, domin barasa mai ƙarfi tana cin toshiya idan an kwantar da ita.

Wajen ba da maki, tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na 100, kuma wasu suna raba shi gida huɗu, 25 ga hanci, 25 ga baki, 25 ga ragowar ɗanɗano, 25 ga daidaito. A aikace yawancin wuski suna faɗawa ne tsakanin 75 da 95, don haka bambancin 88 da 91 ya fi girma fiye da yadda lambobin ke nunawa. Ni na fi yarda da hukuncin kwamitin mutane da dama da ba su ga kwalba ba, aka kuma maimaita gwajin a rana ta biyu, a kan makin mutum ɗaya da kamfani ya aika wa samfuri da sunansa a jiki. Na sha ganin wuski mai shekara 15 ya wuce mai shekara 30 a irin wannan zama, kuma masu aunawar ba su yi kuskure ba. Lambobin yabo na gasa ma sai a karanta su da hankali, tunda kamfani ne ke biyan kuɗin shiga, kuma gasa tana auna abin da aka kawo mata ne kawai. Kwalabe mafi tsada galibi ba a kai su.

Farashi kuwa kasuwa ce ke sa shi, kuma kasuwar tana sayen suna da labari da ƙaranci. A watan Nuwamban 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan 1926 a Sotheby's da ke Landan a kan fam 2,187,500. Wuskin ya yi shekara 60 a ganga, an ɗura shi a 1986, kwalabe 40 kacal. Masu sayen irin wannan kadara suke saya, kuma da wuya a buɗe ta. Haka matatun Port Ellen da Brora, da aka rufe a 1983 lokacin da kasuwa ta cika ta batse, sauran gangunansu suka zama abin rububi, har aka sake buɗe Brora a 2021, Port Ellen kuma a 2024. Inda kuɗi ya taru haka, jabu yana biyowa. A 2018 an kai tsofaffin kwalabe 55 wani ɗakin binciken jami'o'in Skotland da ke East Kilbride, aka auna shekarunsu ta sinadarin kabon da gwaje-gwajen makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 suka bari a iska har ya shiga sha'ir, sai aka gano 21 daga ciki na jabu ne. Don haka ga kwalba mai tsada, takardun inda ta fito da hannayen da ta ratsa suna cikin abin da ake dubawa.

Idan baƙo ya tambaye ka ko kwalbar otal ɗinku ta cancanci kuɗinta, ka ba shi abin da za ka iya tsayawa a kai: sunan matata da halin ruwanta, irin gangar da zubi na nawa ne, ƙarfin barasa, ko an ƙara launi ko an tace da sanyi, ko ganga ɗaya ce ko haɗi, da ranar da aka buɗe kwalbar. Ka gaya masa gaskiya cewa wani kaso na kuɗin na ruwan da ya tafi a turiri ne da shekarun ajiya, wani kaso kuma na akwati ne da suna. Ka kawo masa kofi mai tsukakken baki da ɗan ruwa mara sanyi a gefe, ka shawarce shi ya ba ruwan lokaci kafin ya fara. Akwai kuma gwaji ɗaya da tsofaffin ma'aikatan rumbu ke yi, wanda ba ya buƙatar ɗigo ko ɗaya ya taɓa baki. Bayan an gama, ana rufe kofin da babu komai a cikinsa a ajiye shi zuwa safiya. Barasa ta riga ta tafi, sai sinadarai masu nauyi da suka manne a gilashi. Wuskin da katako ya cinye yakan bar warin busasshen katako kamar na shagon kafinta, wanda ya tsufa da kyau kuwa yakan bar kakin zuma da busassun 'ya'yan itace, kuma idan daga Islay ya fito, da ɗan ƙaurin hayaƙi a ƙasansu.